Kurakuran da Jagoran Wasa Ya Fi Yi Idan Ya Haɗa Takobi da Sihiri da Firgicin Sararin Samaniya

Wasan shiga-hali na kan tebur, wato wasan da kowane ɗan wasa yake ɗaukar halin jarumi guda yayin da jagoran wasa yake ba da labari yana yanke hukunci, irin wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka buɗe wa hanya da Dungeons & Dragons a 1974, an gina shi ne a kan alkawari guda: duk jarumin da ya shiga kogo ya fito da ransa zai ƙaru, ya hau mataki, ya samu makami mafi kyau da sihiri mafi ƙarfi, har dodon da ya kore shi jiya ya zama abin farautarsa gobe. Shi kuwa firgicin sararin samaniya, wanda aka fi dangantawa da ƙagaggun labaran marubucin nan ɗan Amurka H. P. Lovecraft, da ya rayu daga 1890 zuwa 1937, akasin haka yake nunawa: akwai halittun da suka girmi duniya, waɗanda ba su ma san da zaman ɗan Adam ba balle su ƙi shi, kuma duk wanda ya ƙara saninsu raguwa yake yi. Haɗa su biyun ba sabon abu ba ne, domin Gygax da kansa ya sanya Lovecraft cikin marubutan da suka yi tasiri a kan wasan a littafin jagora na 1979. Sai dai yawancin kurakuran da jagoran wasa yake yi daga wannan saɓani suke tasowa, ko dai ya bar dokokin wasa su cinye tsoron, ko kuma ya ƙwace wa 'yan wasa zaɓinsu da sunan kare tsoron.

Kuskuren da ya fi kowane girma shi ne rubuta wa babbar halittar lambobi. Kamfanin TSR, wanda ya wallafa wasan a lokacin, ya yi haka a 1980 cikin littafin Deities & Demigods, inda ya ba halittun Lovecraft makin rai (wato lambar da take nuna yawan dukan da abu zai jure kafin ya mutu) da ƙarfin duka kamar sauran abokan gāba, kafin a cire sashen a bugun da suka biyo baya. Ɗan wasan da ya goge ya san cewa duk abin da yake da makin rai yana mutuwa, ko da makin ya kai ɗaruruwa, saboda haka da zarar ya fahimci akwai lissafi a bayan abin, sai fargabarsa ta koma shiri: matakai nawa suka rage, wane makami ake buƙata, mutum nawa za a ɗauka haya. Gyaran shi ne a raba abokan gāba gida 3. 'Yan ƙungiyar asiri da suke bauta wa halittar mutane ne, a ba su lambobi, a bar jarumai su yaƙe su, su kama su, su yi musu tambayoyi. Bayinta na ƙarƙashin ƙasa su ma a ba su lambobi, amma masu nauyin da zai sa a yi tunani kafin a zare takobi. Ita kuwa halittar kanta kada a rubuta mata komai sai abin da kusantarta yake jawowa. A ce masu haƙar ma'adinai sun huda wani ɗaki a gindin dutse, kuma abin yana bayan ƙofar ɗakin. Abin da jagora zai rubuta a takardarsa shi ne cewa a kusa da ƙofar sandar wuta tana ƙonewa a rabin lokacinta, raunin da aka warkar da sihiri yana sake buɗewa da dare, kuma wanda ya kwana a wurin zai farka ya iya wani harshe da bai taɓa koya ba. Waɗannan duk dokoki ne da 'yan wasa za su iya ganowa su yi dabara a kansu, amma babu wanda za a sara da takobi.

Wani kuskure mai kama da wannan shi ne ɗauko dodo daga littafi yadda yake. Halittu irin su mind flayer, wanda ya fara bayyana a 1975, da aboleth, wanda David Cook ya shigo da shi a 1981, da wannan salon tsoro aka ƙirƙire su, amma yau 'yan wasa da yawa sun haddace ƙarfinsu da rauninsu. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Jagora zai iya riƙe lambobin littafin ya canza kama da ɗabi'a, kuma kada ya ambaci sunan dodon a tebur ko sau ɗaya.

Daga nan sai matsalar bayani. Jagorori da dama suna zaton cewa idan suka ce abin “ba ya misaltuwa” ko “hankali ba ya iya ɗaukarsa” sun tsorata mutane, alhali ɗan wasa bai ga komai a zuciyarsa ba. Abin da yake tayar da tsikar jiki shi ne ƙaramin abu bayyananne wanda bai kamata ya kasance haka ba, kuma tsohon salon wasan yana da kayan aikin da ya dace da wannan ƙwarai, wato taswira. A al'adar wasan, ɗaya daga cikin 'yan wasa ne yake zana taswira a takarda mai gidaje, kowane gida ƙafa 10, bisa abin da jagora yake faɗa. Idan suka bi wani lungu mai tsawon ƙafa 60, da suka juyo suka tarar ya zama 90, ko kuma ɗakuna 2 suka faɗa wuri guda a takardar, mai zanen zai fara zargin hannunsa, ya goge, ya sake aunawa, sannan a hankali ya gane cewa wurin ne ba daidai ba. Wannan ganewar da ya yi da kansa ta fi duk wata siffa da jagora zai karanto masa. Amma akwai sharaɗi: dole karkacewar ta kasance tana da ƙa'ida a takardar jagora, misali lungun yana ƙaruwa ne duk lokacin da aka bi shi ba tare da haske ba, kuma idan 'yan wasa suka tambaya ko kuskure ne, ya tabbatar musu cewa abin da ya faɗa haka yake. In ba haka ba za su ɗauka ya rikice ne, su daina yarda da duk abin da ya siffanta, kuma wasan da babu yarda a cikinsa ba ya tsorata kowa.

Makin hankali, wato lambar da take raguwa duk lokacin da jarumi ya ga abin firgici, shi ne wurin da aka fi yin aro ba tare da fahimta ba. Sandy Petersen ne ya tsara shi a wasan Call of Cthulhu da kamfanin Chaosium ya fitar a 1981, kuma hikimar da take cikinsa ita ce iyakar hankalin jarumi 99 ce a cire yawan abin da ya sani game da tsoffin halittun. Ke nan ilimin da yake taimaka masa ya tsira shi ne yake rage masa hankali, kuma ba ya dawowa. Masu kawo wannan doka cikin wasan takobi da sihiri sukan ɗauko ɓangaren asara kawai, su sa a jefa dayis, wato ɗan ƙwallo mai lambobi da ake jefawa don yanke nasara ko faɗuwa, duk lokacin da aka ga gawa ko jini. Wannan ba ya shiga hankali ga mayaƙin da sana'arsa ke nan, kuma yawan jifan yana mayar da abin haraji da ake biya a kowane ɗaki. Ya fi kyau a ajiye jifan ga abubuwa kaɗan da suke rushe fahimtar jarumi game da duniya, kuma a ɗaura shi da riba. Rubutun da yake jikin ƙofar ɗakin nan yana ɗauke da hanyar rufe ta, duk wanda ya karanta zai sani, kuma zai biya. Sai a bar 'yan wasa su yi gardama a kan wanda zai karanta, domin wannan gardamar ita ce zuciyar wasan.

Idan kuma jarumi ya faɗi a jifan, kuskure ne jagora ya karɓe shi daga hannun mai shi ya ce ya ruga da gudu ko ya sari abokinsa. Mutumin da aka zaunar yana kallo na tsawon rabin sa'a gundura yake ji. Abin da ya fi aiki shi ne a ba shi zaɓi tsakanin abubuwa 2 ko 3 marasa daɗi: ya yar da abin da yake hannunsa ya ja da baya, ko ya tsaya amma ya ɗauki wata alama da za ta bi shi, kamar kasa yin barci a ƙarƙashin rufi. Haka kuma bai dace a ɗauko sunayen cututtukan ƙwaƙwalwa na gaske a mayar da su abin raha ba, tunda jagora bai san abin da na zaune a teburin suke fama da shi a gidajensu ba.

Irin wannan labari bincike ne kafin ya zama yaƙi, kuma nan ma ana yawan tuntuɓe. Jagora yakan ɓoye alamar da labarin ya dogara da ita a bayan jifan dayis guda, idan aka faɗi sai wasan ya tsaya cik. Lissafin a fili yake: idan damar nasara rabi ce, to a rabin lokuta labarin ya mutu a wurin, amma idan aka ajiye alamu 3 a wurare dabam-dabam masu nuni ga abu ɗaya, damar rasa su duka ta koma 1 cikin 8. Tsarin wasan bincike mai suna GUMSHOE na Robin Laws ya wuce nan, inda ya ce muhimmiyar alama a miƙa ta kawai ga duk wanda ya duba wurin da ya dace da ƙwarewar da ta dace. Wannan ra'ayi ya fi ƙarfi a nan, domin a labarin firgici jahilci kariya ne ga jarumi, kuma jagoran da ya hana shi sani ya hana shi jin tsoro.

Sai batun sihirin jarumai, wanda yake tayar wa jagorori hankali fiye da kima. Firist, wato jarumi limamin addini a wasan, yana da sihirin gano mugunta, da na magana da matattu, har da na tayar da mamaci idan ya kai matakin, saboda haka wasu sukan yanke hukunci cewa duk waɗannan ba sa aiki a wannan kogon. Hakan zalunci ne ga ɗan wasan da ya yi watanni yana gina jaruminsa, kuma asarar dama ce. A bar sihirin ya yi aiki, sakamakon ne zai zama abin damuwa. Sihirin gano mugunta zai haska 'yan ƙungiyar asiri, amma idan aka juya shi ga ƙofar ba zai nuna komai ba, domin abin da yake bayanta ba ya cikin ma'aunin alheri da sharri. Gawar mai haƙar ma'adinai za ta amsa tambayoyi da gaskiya, sannan ta roƙi kada a mayar da ita inda ta fito. Wanda aka tayar zai dawo da cikakken makin ransa, sai dai ya ƙi faɗin abin da ya gani. Ta haka ƙarfin jarumai ya zama hanyar da labarin yake shigo musu.

Yawan kisa ba tsoro ba ne. A tsoffin dokoki masihirci na matakin farko yana iya fara wasa da makin rai 1 zuwa 4, kuma idan jarumai suna mutuwa a kowane zama, 'yan wasa za su daina ba su suna na kirki, su fara dariya. Matsakaitan matakai sun fi dacewa, inda jarumi yake da tarihi da abin da zai rasa. Dokar ƙarfin zuciya ta bugun wasan da Tom Moldvay ya tsara a 1981, wadda ake jefa dayis 2 masu fuska 6 don ganin ko mabiya za su tsaya ko su gudu, tana da amfani sosai a nan: idan 'yan dakon da aka ɗauka haya suka ajiye kaya suka ƙi wuce wani wuri ko an ninka musu lada, saƙon ya isa ba tare da an kashe kowa ba. Haka ma ƙidayar haske, tunda sandar wuta zagaye 6 take yi, kowane zagaye minti 10, kuma hanyar komawa ta riga ta ƙara tsawo.

Kafin a fara, a gaya wa 'yan wasa irin labarin da za su shiga, a tambaye su abin da ba sa son a kawo. Wanda ya zo da niyyar tara dukiya da sarautar ƙasa zai ji an yaudare shi idan ya tarar nasara ba ta cikin tsarin. Sannan rubuce-rubucen Lovecraft suna cike da wariyar launin fata, inda baƙin mutane da ƙabilun nesa suke yawan zama masu bautar duhu, kuma babu dalilin da zai sa a kwaso wannan tare da sauran. Ƙungiyar asirin da ta ƙunshi mai unguwa da mai magani da uwar da ta rasa ɗanta a ramin haƙa, kowannensu da dalilinsa, ta fi ban tsoro kuma ta fi wuyar yaƙa.

Kuskure na ƙarshe yana cikin lada. 'Yan wasa suna bin abin da dokoki suke biya, kuma a tsohon tsari yawancin makin gogewa, wanda da shi jarumi yake hawa mataki, daga dukiya yake fitowa, maki 1 ga kowane tsabar zinariya da aka fito da shi, yayin da sababbin bugu suka fi karkata ga kashe dodanni. Idan jagora bai taɓa wannan ba, jarumai za su buɗe ƙofar ko don zinariyar da suke zato ko don yaƙin, komai gargaɗin da aka yi musu. Sai ya sanar tun farko cewa akwai maki mai tsoka ga kowane mutumin ƙauye da aka fitar da rai, da kowace alama da aka gano, da kuma rufe ƙofar. Ya kuma tanadi ƙarshe fiye da ɗaya, kowanne da farashinsa: a rushe ramin a bar waɗanda suke ciki, ko mai karatun rubutun ya tsaya ya rufe ƙofar daga ciki, ko a kwashe ƙauyen gaba ɗaya a bar dutsen ga abin da yake cikinsa. Duk wanda suka zaɓa, jagora ya biya makin cikakke, ya rubuta a takardarsa shekarun da rufin zai yi kafin ya sake tsagewa, ya kuma lura da jarumin da har yanzu yake jin harshen nan, domin daga kansa zama na gaba zai tashi.