Yadda za ka shirya zaɓen littafin da yara suka fi so a makaranta

Tsarin ba wani mai wahala ba ne: manya su tace jerin littattafai, yara su karanta, daga ƙarshe su jefa ƙuri'a su fitar da gwani. An daɗe ana yi. A arewa maso yammacin Amurka da wani yanki na Kanada ana ba da kyautar Young Reader's Choice tun 1940. A jihar Teksas kuma akwai kyautar Bluebonnet, inda ake fitar da littattafai 20 duk shekara don 'yan aji uku zuwa shida, kuma yaro ba zai yi zaɓe ba sai ya karanta aƙalla biyar, ko an karanta masa ya saurara. Wannan ƙa'idar na ara don ɗakin karatun makarantarmu, sai dai na rage mata nauyi.

Fara da jerin. Littattafai takwas zuwa goma sun ishi makaranta guda, kuma uku sun isa sharaɗin zaɓe. Ka gauraya su sosai: na ban dariya, na ban tsoro kaɗan, mai zane-zane, na labarin dabbobi ko kimiyya, da guda biyu gajeru waɗanda mai jan ƙafa a karatu zai iya gamawa. A nan malamai suka fi zamewa, domin kowa so yake ya cusa littafin da ke koyar da tarbiyya ko da yara na hamma a shafi na uku. Ka karanta kowanne da kanka kafin ya shiga. In kai ma ka kasa gama shi, cire shi.

Ranar buɗewa kada ka yi dogon jawabi. Ɗauki littafi ɗaya, karanta babin farko da murya mai daɗi, ka tsaya cak daidai inda labarin ya fara zaƙi, ka rufe. Za ka ji aji ya ɗauki "Malam, ci gaba mana!" To, ka ƙi. Ka ce yana kan kanta, mai so ya je ya ara.

Matsalar da za ta fi ci maka tuwo a ƙwarya ita ce ƙarancin kwafi. In kwafi biyu ko uku kake da su na kowane littafi, ka sa aro ya zama na mako ɗaya, ka manna takardar layi a bango kowa ya ga bayan wa yake. Yaran da kansu za su riƙa matsa wa wanda ya riƙe littafi ya wuce lokaci, sun fi ka iya wannan aikin. Sannan ka roƙi malaman aji su ware minti goma sha biyar a rana su karanta ɗaya daga cikin jerin a bayyane. Sauraro ma a ƙirga shi a matsayin karatu. Da haka ne yaron da har yanzu yake haɗa baƙi da kyar zai samu ƙuri'arsa kamar kowa, kuma sau da yawa shi ne zai fi kowa zafin muhawara.

Kowane yaro a ba shi kati mai sunayen littattafan, a buga masa hatimi idan ya gama ɗaya. Ban yarda a mai da wannan jarrabawa ba, ba maki, ba rubuta taƙaitawa. Hira ta minti ɗaya ta wadatar. Tambayar da nake yi ita ce, "Wa ya fi ba ka haushi a labarin?" Wanda ya karanta, nan take zai fara zuba. Wanda bangon littafin kawai ya duba zai fara kallon rufi, sai in ce ya ƙara mako guda, ba tare da na kunyata shi ba.

Mako guda kafin zaɓe ka bar su su yi kamfe. Su zana fosta, kowane littafi ya samu mai kare shi na minti ɗaya a taron safe, bisa sharaɗin ba a faɗar ƙarshen labari.

Zaɓen kansa a yi shi da gaske: rajistar waɗanda suka cika sharaɗi, takardar ƙuri'a, lungu na sirri, akwati a rufe, 'yan babban aji su ƙirga a gaban wakilan kowane aji. Malamai ba su da ƙuri'a, kuma ba sa nuna wanda suke so, ko da ɗaga gira ne, don yara na karanta fuskar malami. Mai yiwuwa littafin da kake ganin ya fi kowanne inganci ya zo na bakwai, na barkwanci ya lashe. Ka sanar da sakamakon yadda ya fito, ka manna wa littafin tambarin nasara, yara su rubuta wa marubucin wasiƙa ta hannun kamfanin da ya buga shi.

Ka adana alƙaluman ƙuri'un da takardun layin aro, su za su nuna maka irin littattafan da za ka sayo baɗi. Kafin a tafi hutu kuma ka ajiye akwatin shawara, duk wanda ya yi zaɓe ya rubuta littafi ɗaya da yake so ya shiga jeri na gaba.