Riƙo Daban, Walicci Daban: Yadda Na Samo wa Autanmu Kariyar Kotu

Autanmu shekararsa 36. Sahun farko ba ya wuce shi a masallacin layinmu, ya san gidan kowa a unguwa, kuma idan ka aike shi da baki ba ya mantawa. Amma ka miƙa masa 'yar dubu da 'yar ɗari biyu ka ce ya zaɓa, sai ya ɗauki wadda ta fi sabunta. Haka aka haife shi. Ba taɓin hankali ba ne, ba ya duka, ba ya zagi, fahimtarsa ce ta tsaya a wani mataki. A unguwa kowa da sunan da yake kiransa da shi, wasu sunayen ba zan maimaita su ba.

Lokacin da Baba ke raye babu wanda ya taɓa tambayar wa ke da iko da al'amuransa. Bayan rasuwarsa aka raba gado, shago ɗaya na bakin titi da ɗaki biyu a cikin gida suka faɗo a kason Auta. Wata takwas da rabon, sai ga wani dillali ya yi sallama da takarda a hannunsa, wai Auta ya sayar da shago, ga dangwalen yatsansa a ƙasa. Da na tsare yaron da tambaya, sai ya zaro sabuwar waya daga aljihu yana murna, ya ce, "Yaya, abokina ne ya ba ni, ya ce in sa hannu a tawada." Mai unguwa da limaminmu ne suka shiga tsakani, muka mayar da waya, muka biya dillali la'adarsa, aka yaga takarda. Mun auna arziki ne kawai. Da mai sayen ya kafe, a ranar ba ni da ko gutsuren takarda da ke nuna ina da bakin magana a kan shagon.

Ni malamar firamare ce. Abin da zan jero a nan, da ƙafata na bi shi.

Abu na farko da za a gane shi ne, wanda ke ciyar da mutum yana wanke masa kaya ba lallai shi ne waliyyin dukiyarsa ba. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Kano ke aiki da ita, waliccin dukiyar wanda ba ya iya juya ta yana hannun uba, sai wasiyyin da uban ya naɗa, sai alƙali ko wanda alƙali ya ɗora, wato muƙaddami. Wa, ya, baffa, kawu, har uwa mahaifiya, babu wanda waliccin ke faɗo masa kai tsaye don kusanci. Ranar da na ji wannan sai da jikina ya yi sanyi, domin shekara nawa Hajiyarmu na ɗawainiya da shi. Sai dai kowane daga cikinsu ana iya naɗa shi, kuma mace na iya zama wasiyyiya ko muƙaddama. Wannan hana mutum tasarrufi da dukiyarsa don kare shi, shi malamai ke kira hajru, yana da babinsa a Muhtasar na Halil, littafin fiƙihun Malikiyya. Tushensa aya ta 5 ce a Suratun Nisa'i, wadda ta hana a damƙa dukiya ga wanda ba zai iya riƙe ta ba, ta ce a ciyar da shi daga cikinta, a tufatar da shi, a kuma yi masa magana mai kyau.

Don haka idan mahaifin mai irin wannan lalura a gidanku na raye, hanyarku gajeriya ce, ku bi ta a wannan makon. Uban ya zauna da shaidu biyu adilai, ya rubuta wanda ya naɗa wasiyyi a kan ɗansa, da wanda zai gaje shi idan na farkon ya rasu ko ya gaza. A sa kwanan wata, kowa ya sa hannu, a yi kwafi uku a ajiye a gidaje daban-daban. Iyaye ba sa son wannan zance, gani suke ana kira musu mutuwa. Baba ma na taɓa taɓo masa, ya ce, "Ke dai Allah ya sa mu cika da imani," maganar ta mutu a nan. Wani kuskure kuma da iyaye ke yi: uba ya yi wasiyya cewa a ƙara wa mai lalura gida a kan gadonsa. Babu wasiyya ga magaji sai sauran magada sun yarda bayan rasuwa. Wanda ke son ya fifita shi saboda lalurarsa, ya tuntuɓi malami a kan kyauta ko waƙafi tun yana da rai da lafiya, a yi da shaidu, abin kuma ya fita daga hannunsa yadda shari'a ta tsara.

Idan uban ya riga ya rasu bai naɗa kowa ba, irin namu, to sai kotu. Amma kada a fara da kotun, a fara da asibiti.

A kai shi sashen likitocin ƙwaƙwalwa, akwai a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. A tafi da wanda ya san ƙuruciyarsa, domin za su tambayi yaushe ya zauna, yaushe ya yi tafiya, yaushe ya fara magana, ko ya yi shawara ko jijjiga yana jariri, aji nawa ya kai a makaranta. Hajiya ce ta amsa waɗannan duka, ni da na tafi ni kaɗai da na dawo hannu rabbana. A gaya wa likita ƙarara cewa rahoton na kotu ne. A roƙe shi kada ya tsaya ga sunan lalurar, ya rubuta abin da mutumin ke iyawa da abin da ba ya iyawa: ƙirga kuɗi, gane ma'anar sayarwa, shan magani da kansa, zuwa wuri ya dawo. Takardar ta zama mai tambarin asibiti da sa hannu da hatimi. Ba a gama wannan a zuwa ɗaya, mu sau uku muka je.

A tsakanin nan a haɗa masa takardunsa: lambar NIN, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, takardar rabon gado, da duk wata shaidar mallakar fili ko shago. Takardar NIN ɗin a kulle ta a akwati. Sai da muka bincika muka tarar da layukan waya biyu da aka yi wa rajista da sunan Auta, ba mu san masu riƙe da su ba. Ranar da aka yi damfara da irin wannan layi, ƙofarku za a ƙwanƙwasa.

Sannan a tara dangi kafin a shigar da komai. Wanda ya fara jin labari daga bakin mai kawo sammaci, ko ba shi da mugun nufi sai ya yi adawa. Na je gidan Baffa da kaina, na durƙusa na ce, "Baffa, ba don a cire hannunka ba ne, don kada gobe wani ya sake kawo mana takarda ne." Ya yi shiru ya ce Allah ya yi albarka, kuma shi ya fara isa kotu ranar zama.

Kotun da za a je ita ce kotun shari'ar Musulunci ta yankinku. Maganar riƙo da waliccin Musulmi mai raunin hankali ko na jiki na cikin al'amuran da sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa a ƙarƙashin shari'ar Musulunci, don haka idan hukunci bai yi maka ba, akwai hanyar ɗaukaka ƙara. Iyalin da ba Musulmi ba, babbar kotun jiha za su nufa, kuma can sai da lauya abin ke tafiya daidai. A kotun shari'a mutum na iya tsayawa da kansa. A je wurin rijistara a faɗi buƙata: ana neman a tabbatar da hajru a kan wane, a naɗa wance muƙaddama. Duk kuɗin da aka biya a karɓi rasit. Wanda ke son lauya kuma ba shi da hali, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya na da ofis a Kano. A zo da shaidu biyu da suka daɗe da saninsa kuma ba su da ko sisi a gadon. Mu limamin layi da wani tela maƙwabcinmu muka kai.

Shi ma a zo da shi, fes da shi, ya ci ya ƙoshi, don zaman na iya kaiwa azahar. Alƙalinmu bai tsaya ga takardar likita ba. Ya kira Auta kusa, ya tambaye shi sunansa da unguwarsu, ya amsa daidai. Ya ce raka'a nawa ce magariba, ya ce uku. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan za a ce lafiyarsa ƙalau. Sai alƙali ya ce, "Malam, nawa za ka sayar mini da shagonka?" Auta ya yi dariya ya ce, "Ɗari biyar, amma kai na bar maka kyauta." Kotu ta yi tsit. Daga nan alƙali ya tambaye shi wa yake so ya riƙa ajiye masa kuɗi, ya juyo ya nuna ni. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, na karɓa," muryata na rawa.

Kada murna ta sa a fita ba a duba abin da aka rubuta ba. A roƙi hukuncin ya ambaci kadarorin ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi abin da muƙaddami zai yi da kansa, kamar karɓar haya da sayen abinci da magani, da abin da sai ya dawo kotu, musamman sayar da gida ko shago. Wannan ƙaidi kariya ce gare ka kai ma, ranar da wani ɗan'uwa ya matsa a sayar a ba shi rance. A karɓi kwafin hukunci mai hatimi, a yi hoto da yawa.

Dalilin gaggawa kuwa, malaman mazhaba sun saɓa a kan cinikin da baligi marar waliyyi, wanda bai iya riƙon dukiya ba, ya ƙulla kafin alƙali ya yi masa hajru: an ruwaito Imamu Malik na ganin ya zartu, almajirinsa Ibnul Ƙasim na ganin bai zartu ba. Bayan hukunci kuwa ciniki ba ya tabbata sai waliyyi ya amince. Shi ya sa ba a ɓoye takardar. Na kai wa mai unguwa kwafi, na kai wa ɗan hayar shago, na kuma sa liman ya sanar da dattawan layi. Idan filin na da takardar gwamnati, a kai kwafi KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen jihar Kano, a nemi a sa a fayil ɗinsa.

Banki ma da hukuncin ake zuwa, a nemi ganin manaja, a buɗe asusun da kuɗinsa kaɗai za su riƙa shiga. Wata ta ba ni shawara in sa lauya ya rubuta takardar wakilci Auta ya dangwala, wai ta fi sauri. Wanda bai gane abin da yake wakiltawa ba, wakilcinsa ba ya ƙulluwa, kuma da na yi haka da ban bambanta da dillalin nan ba.

Sai littafi. Nawa irin na 'yan makaranta ne mai layi, shiga a hagu, fita a dama, rasit a manne da gam. Haya, magani, ɗinkin sallah, aski, gyaran rufin shago, har da zakka, domin a Malikiyya dukiyar mai irin wannan lalura idan ta kai nisabi kuma ta shekara ana fitar mata, kuma waliyyi ke fitarwa. Duk bayan babbar sallah nakan buɗe shi a gaban Hajiya da Baffa da ƙannena. Shekarar farko sun ce haba Yaya, wa ke zarginki. Na ce a dai duba.

Inda na fi yin kuskure shi ne bayan na samu takardar. Sai na fara yanke masa komai: rigar da zai sa, inda zai je, wanda zai zauna da shi. Wata rana na sayo masa shadda ruwan toka, ya ajiye ta a ƙofar ɗakina ya ƙi magana kwana biyu. Hajiya ta ce, "Alƙali kuɗinsa ya ba ki, bai ba ki shi ba." Yanzu Kantin Kwari tare muke zuwa, in ware yadi uku da kuɗin za su isa, shi ya nuna. Kullum da safe yana da kuɗin kashewarsa, ko ƙosai ya saya ko ya rabar, ba na tambaya. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2010, a sashe na 12 abin da take nema ke nan, a taimaka wa mutum ya yanke da kansa gwargwadon iyawarsa. A asibiti ma haka nake yi, nakan ce likita ya fara yi masa bayani da gajerun kalmomi kafin in sa hannu. Idan kuma wani ofis ko ma'aikata suka wulaƙanta shi don lalurarsa, dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, naira 1,000,000 ga kamfani.

Masu cewa a yi masa aure zai warware, ko a kai shi gidan mari a gyara shi, za su zo, sun zo mana. Na biyun ko saurara ba na yi. Na farkon kuwa magana ce ta shi kansa da likita da malami, kuma ba a ɓoye wa dangin yarinya komai.

A aljihun kowace rigarsa telan nan ya ɗinka ɗan ƙyalle mai sunan unguwarmu da lambobin waya biyu, saboda ranar da ya ɓata ko aka yi kame ya rutsa da shi. Lamba ta biyun ta ƙanena ce mai bi mini. Shi nake koya wa littafin yanzu, tunda hawan jini ya fara taɓa ni, kuma mun shirya bayan sallah mu koma gaban alƙali mu nemi a rubuta sunansa a matsayin wanda zai karɓa. Da na gaya wa Auta, tambaya ɗaya ya yi, ko shi ma zai riƙa kai shi Kwari.