Kurakuran da muke tafkawa in za mu sa wasan barkwanci a saman mashayar Landan

Wanda ya ɗan zauna a Landan ya san ƙananan gidajen wasan nan da ke saman mashaya ko a ɗakin bayanta, a ƙasa ana hayaniya ana kallon ƙwallo, a sama kuma mutum hamsin ko sittin sun matsu da juna suna kallon wasan kwaikwayo. A irin waɗannan gidajen, King's Head ta unguwar Islington ta fara a 1970, Old Red Lion ta unguwar Angel a 1979, Finborough kuma 1980, ita kujerunta hamsin ne kacal. Kafin wani ya zaro min ido, ni dai lemo nake sha, abin da ya kai mu can sauƙin haya ne, ƙaramar ƙungiya irin tamu ina ta ga kuɗin manyan gidajen wasan West End na tsakiyar Landan.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne mutum ya ɗauko wasan fili ya shigo da shi ɗaki. Mu da muka taso da tashe da diramar makaranta mun saba sai ka daddage ka ɗaga murya, ka ware hannu, ka yamutsa fuska don na can baya ya gani. To a nan na layin gaba in ya miƙa ƙafa sai ya taɓa takalminka, gumin goshinka ma yana ƙirgawa, kana fara ihu sai ka ga mutane sun ja baya suna kallonka kamar wanda aljanu suka tasar wa, dariyar kuma ta ƙi fitowa. A irin wannan ɗakin ɗaga gira ɗaya ko kallon gefe ya isa. Gyaran ba wuya, tun wajen rihazal a jera kujeru taku biyu daga 'yan wasa, darakta ya zauna a nan, kada ya koma ƙarshen ɗaki yana naɗe hannu. Duk abin da ya ji ya yi masa yawa a fuska a rage shi rabi.

Sai taka dariya, wannan kam ya fi ba ni haushi wallahi. An sha wahala an samu mutane sun fashe, sai na kusa da kai ya afka da nasa layin a tsakiyar dariyar, babu wanda ya ji abin da ya ce, su kuma 'yan kallo sai su koyi haɗiye dariyarsu don kada magana ta wuce su, minti goma sai ka ji ɗakin ya yi tsit kamar gidan makoki kuma ku kuka jawo. Dariya tana hawa ta kai ƙololuwa sannan ta fara sauka, lokacin da ta fara saukar nan ake shigowa, kada a jira ta mutu gaba ɗaya. Akwai kuma mai tsayawa yana jiran dariyar da aka yi masa jiya, alhali yau Talata ce mutum tara ne a ɗakin kuma kowa kunyar ya fara yake ji. In ba ta zo ba ka wuce abinka kamar ba ka san akwai abin dariya a wurin ba. Kuma ranar da mutane suka yi kaɗan a roƙe su su matso gaba su zauna wuri ɗaya, warwatsattun mutane ba sa dariya.

Kada ku gwada wasan a gaban abokai kawai, dariyar kara za su yi muku. Ku nemo mutum goma da ba su san ku ba.

Maganar kaya kuwa mu ta taɓa cinye mu. Mun sayo wata doguwar kujera mai cin mutum uku a shagon gwanjo, muna ta murna ta yi daidai da falon da ke cikin labarin, babu wanda ya tuna ya auna matakalar benen. Ta shige a kwana ta maƙale, ba gaba ba baya, mu huɗu muna nishi mai mashaya yana ƙasa riƙe da ƙugu yana kallonmu, ƙarshe da kujerun roba biyu da zani a kai muka yi wasan. Ku je da tef ku auna ƙofa da matakala da tsayin rufi kafin ku sayi ko tsinke. Ku kuma tambaya ko akwai wani wasan bayan naku a daren, don wurare da yawa biyu suke sawa, ana tafi kuna kwashe kaya. In wasan irin na shiga nan fita can ne mai buga ƙofa, kuɗinku ya tafi kan ƙofa ɗaya mai ƙwari, in ba haka ba duk bugu sai bangon katakon ya yi rawa, mutane su koma yi wa bango dariya su bar ku.

Lissafi ma ana yin sa da son zuciya. A ce kujera 60 tikiti fam 15, fam 900 ke nan in an cika maƙil, kuma ba kullum ake cika ba. Ku yi lissafinku kan rabin ɗaki, ku kuma ji tun farko haya za ku biya ko raba kuɗin ƙofa za a yi, a rubuce.

Mai mashaya yana son a yi hutun rabin lokaci don mutane su sauko su yi ciniki, amma in wasanku bai wuce awa ɗaya ba hutun kashe shi zai yi, ku daidaita da shi tun kafin a buga fosta. Fitilu kuma suna dafa ƙaramin ɗaki, wanda zafi ya dama ba ya dariya, a kunna fanka tun kafin a buɗe ƙofa a kashe in za a fara.

In a wajen unguwar Highbury ne, kusa da filin Arsenal, ku duba jadawalin Arsenal kafin ku tsayar da rana. Mu ba mu duba ba, jarumarmu tana tsakiyar wurin da ya kamata a yi shiru sai ƙasa ta ɗauki ihun an ci, katakon da muke kai har girgiza yake, ita kuma baiwar Allah ta dubi ƙasa ta ce to ai ko maƙwabta sun goyi bayana, ta ci gaba da maganarta. Washegari darakta ya sa muka tanadi layi biyu irin wannan, ɗaya na in an ci, ɗaya na in an ɓarar da fenareti.