Yadda na gina wa Yayata shafin intanet ban sayi manhaja ko ɗaya ba

Yayata tana sayar da turaren wuta da humra a gida, nan Gwallameji, kuma kusan duk cinikinta a WhatsApp take yi. Rannan ta kira ni ta ce, "Ƙanena, 'yan makarantar nan sai tambayata suke wai ina shafina. Kai ne mai kwamfuta a gidan nan, ka san yadda za ka yi." Ni kuwa aikina buga takardu da fotokwafi ne a wani shago kusa da Wunti, ban taɓa gina shafi ba. Amma Yaya ba a ce mata a'a.

Abu na farko, kada ka biya kowa ko kwabo tukuna. Ka fara gina shafin a cikin kwamfutarka, inda babu mai ganinsa sai kai. Manhajar da ke ba ka wannan dama ita ce XAMPP. Ka sauke ta sau ɗaya, da daddare in kana da datar dare, daga nan ko babu intanet aikinka na tafiya. In ka buɗe ta, ka kunna Apache da MySQL su zama kore. Sai ka je wordpress.org ka sauke WordPress, manhajar da ake gina shafin da ita. Ka lura, wordpress.org na ce, ba wordpress.com ba. Na farkon manhajar ce zalla, taka ce kyauta. Na biyun kamfani ne mai ba da masauki, wato wurin da shafi ke zama a intanet, da nasa sharuɗɗan. Ka warware fayil ɗin cikin foldar htdocs ta XAMPP, ka sa masa suna, ni "turare" na sa. Ka buɗe localhost/phpmyadmin a burauza ka ƙirƙiri rumbun bayanai, sannan ka buɗe localhost/turare. Zai tambaye ka sunan mai amfani da rumbun, ka rubuta root, wurin kalmar sirri ka bar shi babu komai. Shi ke nan.

WordPress ba sabon abu ba ne. Tun 2003 Matt Mullenweg da Mike Little suka fito da shi, kuma yau fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kansa suke. Amfanin haka gare ka shi ne, duk matsalar da ta same ka, wani ya riga ka shigarta ya kuma fita.

Rigar shafi, wato fasalin da yake sanye da shi, ka tsaya kan waɗanda suka zo da WordPress ko waɗanda ke cikin ma'ajiyarsa. Za ka ga ana yawo da rigunan kuɗi a gurufan WhatsApp wai an fasa su sun zama kyauta. Kada ka taɓa. Sau da yawa akwai abin da aka cusa a ciki, kuma araha ba ta ado.

Inda na fi shan wahala shi ne hotuna. Yaya ta turo mini hotunan kwalaben humra guda 30 kai tsaye daga wayarta, ni kuma na loda su yadda suke. A kwamfutata komai tsaf. Da shafin ya hau intanet ta gwada a wayarta, sai ta zauna tana kallon farin allo, kwalba tana fitowa daga murfi zuwa gindi kamar ana jan guga daga rijiya. Ta ce, "Wannan ai kafin ya buɗe mai saye ya tafi kasuwar Muda Lawal ya dawo." Gaskiyarta. Kowane hoto ya kai megabait 4, faɗinsa fiksel 4000, alhali allon waya bai buƙatar ko rabin haka. Maganin shi ne Squoosh, na Google ne, a burauza yake aiki a squoosh.app. Ka jefa hoton, ka rage faɗinsa zuwa 1200, ka zaɓi nau'in hoto na WebP, ka ja ma'aunin inganci har nauyin ya sauko ƙasa da kilobait 200. Ido ba zai gane bambanci ba, amma datar mai saye za ta gane. In kana son yanke gefen hoto ko gyara haske, GIMP na nan, shi ma kyauta, ba sai ka nemi Photoshop na sata ba.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa. Na rubuta "ƙamshi mai ɗorewa" a saman shafi, sai ƙ da ɗ suka fito da wata siffa daban, kamar baƙi a cikin 'yan gida. Laifin salon rubutun ne, bai san haruffan Hausa ba. Kafin ka amince da kowane salo, ka gwada shi da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, manya da ƙanana. Noto Sans na ɗauke da su duka, haka ma Andika. In kuwa da hannu kake rubuta HTML a Notepad++ ko Visual Studio Code, ka ajiye fayil ɗin a tsarin haruffa na UTF-8, ka kuma bayyana hakan a kan shafin, in ba haka ba alamomin shirme za su maye gurbinsu.

Kada ka manta maɓallin WhatsApp, don can cinikin yake ƙarewa. Adireshin shi ne wa.me/ sai 234, sai lambar ba tare da sifilin farko ba.

Yanzu kuɗi ya shigo. Manhajojin kyauta ne, amma sunan shafi da masauki ana biya. Sunaye masu ƙarewa da .ng ko .com.ng hukumar NiRA ce ke kula da su, kuma ta hannun dillalan da ta amince da su ake saye. In shafi ɗaya tak kake so, na HTML zalla, GitHub Pages zai ba ka masauki kyauta, sai dai WordPress ba ya zama a can. Wajen kwashe kaya daga kwamfuta zuwa masauki, Duplicator zai ɗaure maka shafin a ƙunshi guda tare da fayil ɗin installer.php, FileZilla kuma ya kai su. Ɗan makullin tsaron nan na gefen adireshin shafi ma kada a sayar maka da shi: Let's Encrypt na bayar da shi kyauta, kwana 90 yake yi, kuma yawancin masaukai suna sabunta shi da kansu.

Gini mai sauƙi ne, riƙo ne aiki. Ni na rasa shafin Yaya sau ɗaya. Kuɗin masauki ya ƙare, saƙon tuni ya tafi wani imel da na daina buɗewa, kafin in farga an share komai. Abin da ya rage mini shi ne tsohon kwafin da ke cikin htdocs, babu kayan da muka ƙara na wata biyu. Tun daga nan na sa UpdraftPlus, yana tura kwafi duk mako zuwa Google Drive, inda kowa ke da gigabait 15 kyauta. Kalmomin sirri suna cikin manhajar adana su, Bitwarden, kuma sunan shiga ba admin ba ne, don shi ɓarayi ke fara gwadawa. Ranar ƙarewar suna da ta masauki kuwa na sa su a kalandar wayata da ta Yaya.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kafin shago ya cika, nakan shiga in duba ko kwafin makon ya isa Drive, sannan in danna sabuntawa. Kwafi tukuna, sabuntawa daga baya. In na gama sai in kira Yaya ta buɗe shafin a wayarta, da datarta, ta faɗa mini ko kwalaben sun fito.