Yadda ake gwada hasashe da alƙaluma, mataki-mataki

Ɗalibi a Jami'ar Marwa ko ta Ngaundere da ya zo rubuta kundin bincike, galibi inda yake cijewa shi ne babin nazarin alƙaluma. Ya tattara bayanai, ya fitar da matsakaici, sai malami ya tambaye shi: bambancin nan da ka gani na gaske ne, ko dacen samfuri ne kawai? Gwajin hasashe shi ke amsa wannan tambaya. Tushensa abu ne da mai sayen hatsi ya sani: ba ya zazzage buhu gaba ɗaya, hudawa yake ya ciro 'yan ƙwayoyi ya yanke hukunci a kan sauran. Abin da lissafi ya ƙara shi ne auna yawan kuskuren da ke iya shiga wannan hukunci.

Mu ƙaddara misali. Wani dillali a kasuwar Garwa yana sayar da shinkafa a buhun da aka rubuta wa kilo 50, kai kuma kana so ka san ko matsakaicin nauyin buhunansa ya kai haka.

Mataki na farko, rubuta hasashe biyu tun kafin ka ɗora ko buhu ɗaya a sikeli. Na farko, H0, shi ne na "babu bambanci": matsakaicin nauyi kilo 50 ne. Na biyu, H1, kishiyarsa: ba 50 ba ne. Nan take kuma ka tsayar da alfa, wato yawan kasadar da ka yarda ka ɗauka ta yin watsi da H0 alhali gaskiya ce. An saba da 0.05, biyar cikin ɗari. Ba wani sirri a wannan lamba, al'ada ce da ta bazu daga ayyukan Ronald Fisher na shekarun 1920. Idan hukuncin mai nauyi ne, kamar gwajin magani, a sauko zuwa 0.01. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne sauya alfa bayan an ga sakamako.

Mataki na biyu shi ne ɗaukar samfuri, kuma a ganinmu nan ne yawancin bincike ke lalacewa, ba a wurin lissafi ba. In ka bar dillali ya zaɓo maka buhuna, cikakku zai miƙo. In ka ɗebi na bakin ƙofa kaɗai, ƙila duk daga mota ɗaya aka sauke su. Ba kowane buhu lamba, ka rubuta lambobin a 'yan takardu, ka yi ƙuri'a. Ka gwada sikelin da abin da ka tabbatar da nauyinsa, domin sikelin da ke cin rabin kilo zai sa ka ɗora wa mutum laifin da bai yi ba, kuma babu lissafin da zai gyara wannan daga baya.

A ce ka auna buhu 25. Matsakaici ya fito 48.8, ma'aunin warwatsuwa, wato gwargwadon yadda nauyin buhunan ke nesa da matsakaici, wanda ake rubutawa s, ya fito 2.5. A Excel na Faransanci, wanda shi ne a yawancin kwamfutocinmu, MOYENNE ke ba da na farko, ECARTYPE.STANDARD ke ba da na biyu. Kada ka ɗauki ECARTYPE.PEARSON: shi yana rabawa da n ne, wato yawan buhunan da aka auna, ba da n − 1 ba, an yi shi ne don wanda ya auna buhunan rumbun duka.

Mataki na uku, lissafi, layi biyu ne kacal. Raba s da tushen murabba'in n: 2.5 a raba da 5, an sami 0.5. Wannan shi ne gwargwadon yadda matsakaici ke iya kaiwa da komowa daga samfuri zuwa samfuri. Sai ka cire 50 daga 48.8, ka raba da 0.5: t ya zama −2.4. Gwajin t ake yi a nan saboda ba mu san warwatsuwar dukan buhunan ba, daga samfuri muka ƙiyasta ta. William Gosset ne ya buga wannan hanya a 1908 da sunan aro "Student", shi ya sa teburin ke ɗauke da wannan suna har yau.

Mataki na huɗu, buɗe teburin t. Nemi layin n − 1, wato 24, a ginshiƙin da aka rubuta wa ddl (taƙaitaccen sunan da Faransanci ke ba wannan n − 1, degrés de liberté). A ƙarƙashin 0.05 na ɓangare biyu, wato mai duba giɓi ko sama ko ƙasa da kilo 50, za ka ga 2.064. Ajiye alamar ragi a gefe: 2.4 ya wuce 2.064, saboda haka an yi watsi da H0. Mai kwamfuta ya rubuta =LOI.STUDENT.BILATERALE(2,4;24), da waƙafi a madadin ɗigo kuma ba tare da alamar ragi ba, zai sami ƙimar p wajen 0.025.

A nan sai an yi a hankali, domin ana yawan karanta p a baibai. Ba ta cewa yiwuwar dillali yana da gaskiya kashi 2.5 ne cikin ɗari. Abin da take cewa shi ne: da matsakaicin nauyin buhunan kilo 50 ne da gaske, to samun giɓi irin wannan ko wanda ya fi shi zai faru a kusan samfuri 25 cikin 1000. Kuma ba ta faɗin dalili. Ƙila zuba ce a hanya, ƙila injin cikawa ne.

Ga abin da ya kamata kowane ɗalibi ya gwada da hannunsa. Bar matsakaici da s yadda suke, ka mayar da buhunan 9. Yanzu 2.5 a raba da 3 ya ba da 0.83, t ya sauko zuwa 1.44, teburi kuma a layin 8 yana neman 2.306. Ba a yi watsi da H0 ba, alhali giɓin kilo 1.2 yana nan daram. Wanda ya rubuta "an tabbatar buhunan cikakku ne" ya yi kuskure babba. Abin da zai rubuta shi ne hujja ba ta isa ba. Ƙaramin samfuri yakan bar bambanci na gaske ya sulale, shi ne kuskure iri na biyu. Iri na farko kuwa shi ne zargin bambancin da babu, kuma yana ƙaruwa da yawan gwaji: wanda ya yi gwaji 20 masu zaman kansu a kan 0.05, ko da babu komai a ƙasa, yiwuwar aƙalla ɗaya ya fito da "sakamako" ta kai kashi 64 cikin ɗari.

Gwajin t yana son a ce awon bai karkata sosai gefe ɗaya ba, musamman a ƙaramin samfuri. Zana bayanan tukuna. Buhu ɗaya da ya yage ya koma kilo 30 zai ja matsakaici ƙasa, ya kumbura s. In ka cire shi, ka faɗi haka a kundin tare da dalili.

Wajen rubuta sakamako, kada ka tsaya a kan p. Ninka 2.064 da 0.5, ka sami 1.03, ka cire kuma ka ƙara a kan 48.8: tazarar amincewa ta kashi 95, wato iyakokin da ake ƙiyasta matsakaicin gaskiya yana tsakaninsu, ta tashi daga 47.8 zuwa 49.8. Sai ka rubuta: a buhu 25 da aka zaɓa ta ƙuri'a, matsakaicin nauyi kilo 48.8 ne, t = −2.4, ddl = 24, p = 0.025, giɓin kuma yana tsakanin giram 200 da kilo 2.2 a kowane buhu.