Yadda Mai Zaɓe Zai Auna Alkawuran 'Yan Takarar Shugaban Ƙasa Kan Talauci da Tazarar Arziki

Duk lokacin da kakar zaɓen shugaban ƙasa ta ƙarato a Najeriya, babu ɗan takarar da ba ya cewa talaka ne ya sa a gaba, kuma tun da bakinsu ya zo ɗaya a kan wannan, mai zaɓe ba zai iya bambance su da ita kaɗai ba. Abin da zai amfane shi shi ne ya san tambayoyin da zai yi wa kowane alkawari kafin ya dangwala yatsa, kuma zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 da abin da ya biyo bayansa sun ishe mu darasi.

Ka fara da sanin girman matsalar da inda ta fi yin katutu. A watan Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya nuna cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan ƙasa, suna fama da talauci ta fuskoki da dama, kuma kashi 65 cikin ɗari na waɗannan mutane a Arewa suke. A Jihar Sakkwato adadin ya kai kashi 91, alhali a Ondo bai wuce kashi 27 ba. Wannan ma'auni bai tsaya ga kuɗin aljihu ba, ya haɗa da nisan asibiti, da yaran da ba sa zuwa makaranta, da ruwan sha, da makamashin girki. Saboda haka idan ɗan takara ya ce zai bunƙasa tattalin arziki da kashi kaza a shekara, bai amsa maka komai ba tukuna, domin arzikin ƙasa na iya ƙaruwa ya tsaya a hannun 'yan tsiraru a Legas da Abuja, matar da ke ƙauye kuwa tana nan tana tafiyar sa'o'i zuwa asibitin haihuwa. Ka tambaye shi a ina bunƙasar za ta sauka, kuma a hannun wa.

Mataki na gaba, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci, shi ne ka gano inda 'yan takarar suka saɓa da gaske. A 2023 Bola Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi duk sun faɗa a fili cewa za su cire tallafin man fetur, wanda ya lashe sama da naira tiriliyan 4 a shekarar 2022. Hujjar masu son a cire shi ita ce masu jerin motoci da masu fasa-ƙwaurin mai zuwa ƙasashe maƙwabta su ne suka fi cin moriyarsa, kuma akwai gaskiya a ciki. Masu adawa kuwa suka ce talakan da bai da ko keke shi ma yana amfana, tun da kuɗin mota da kuɗin dakon hatsi daga gona zuwa kasuwa duk a kan farashin mai suke rataye. Tun da manyan 'yan takara uku sun yi ittifaƙi, ainihin muhawarar da ta kamaci masu zaɓe ita ce: a lokaci guda za a cire ko sannu a hankali, me za a tanada kafin a cire, kuma ina za a kai kuɗin da aka tsimi? Kaɗan ne suka matsa a kan waɗannan tambayoyi, hankali ya tafi ga tikitin Musulmi da Musulmi da batun yankin da mulki zai koma. Ranar 29 ga Mayun 2023 sabon shugaban ƙasa ya sanar a jawabin rantsuwa cewa tallafi ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000. Duk inda ka ga 'yan takara sun yarda da juna, to ka mayar da tambayarka kan tsari da lokaci da abin rage raɗaɗi.

Daga nan sai ka riƙa bin kowane alkawari da tambaya biyu, wa zai biya kuma wa zai amfana, domin babu wata manufar gwamnati da ba ta da mai riba da mai asara. Rufe iyakokin ƙasa na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya yi wa manomin shinkafa na Kebbi da masu injinan casa daɗi, amma leburan da ke auno mudu a kasuwar birni ya ji a jikinsa, haka nan 'yan kasuwar Jibiya da Illela da Maigatari waɗanda rayuwarsu ta dogara da zirga-zirga tsakaninsu da Nijar. Taƙaddamar da aka yi kan ƙudurorin haraji da aka kai majalisa a Oktoban 2024 ma irin wannan ce, inda gwamnonin Arewa suka yi tsayin daka kan yadda za a raba harajin kayan masarufi tsakanin jihohi. Ɗan takarar da ya yi alkawarin ilimi kyauta da rage haraji da daina cin bashi duk a numfashi ɗaya, bai faɗa maka inda zai samo kuɗin ba, kuma wanda aka ɓoye wa lissafi galibi shi ake cira wa daga aljihu.

Ka kuma mayar da kowane adadi zuwa ma'aunin gidanka. A Yulin 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, wanda a takarda ya ninka har da ɗoriya. Sai dai a farkon 2023, lokacin da dala ke kusan naira 460 a farashin gwamnati, 30,000 ta kai kimanin dala 65, ita kuwa 70,000 a kan farashin naira 1,500 kowace dala ba ta cika dala 50 ba, kuma hauhawar farashin abinci ta kai kimanin kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Hanya mafi sauƙi ita ce ka lissafa mudun masara nawa ko buhun taki nawa kuɗin zai saya. Kada ka manta kuma cewa mafi yawan jama'a, manoma da makiyaya da 'yan tireda da masu tuƙa a-daidaita-sahu, ba sa karɓar albashi ko kaɗan, don haka ƙarin albashi bai shafe su kai tsaye ba.

Akwai abin da ba ya hannun shugaban ƙasa. Makarantun firamare da ƙananan asibitoci nauyin jihohi ne da ƙananan hukumomi 774, filaye kuma dokar 1978 ta danƙa su ga gwamnoni. Kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru sosai bayan cire tallafi, saboda haka rufin ajin da ke yoyo a garinku tambaya ce ga gwamna da ciyaman. Shugaban ƙasa ka auna shi a kan darajar naira, da farashin makamashi, da harajin kwastan, da bashi, da tsaron da zai bar manomin Zamfara da Katsina ya koma gonarsa.

Game da ƙuri'ar jin ra'ayi, ka karanta ta da taka-tsantsan. Da dama daga cikin waɗanda aka yi kafin zaɓen 2023 sun nuna Obi a gaba, amma an yi wasu ta wayar tarho ne, kuma mutane da yawa sun ƙi faɗin wanda za su zaɓa. A ƙarshe Tinubu ya samu ƙuri'a kusan miliyan 8.8, Atiku kusan miliyan 7, Obi miliyan 6.1, Rabi'u Musa Kwankwaso kuma kusan miliyan 1.5, waɗanda mafi yawansu daga Kano suka fito. Taswirar sakamakon ta fi bin yanki da addini fiye da bin taswirar talauci, kuma wannan ya isa ya sa kowannenmu ya tambayi kansa ko da zai yarda da alkawarin gwaninsa in da daga bakin ɗan wani yanki ya fito.

Adadin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na waɗanda suka fita: cikin sama da mutum miliyan 93 da suka yi rajista, kusan kashi 27 cikin ɗari ne kawai suka jefa ƙuri'a, a daidai lokacin da ƙarancin takardun kuɗi sakamakon sauya fasalin naira ya hana mutane da yawa kuɗin motar zuwa garuruwansu. Don haka tun da wuri ka duba cewa katin zaɓenka na hannunka, ka tabbatar da sunanka a rumfar da aka rubuta, kuma idan ka yi ƙaura ka nemi hukumar zaɓe ta sauya maka rumfa kafin a rufe rajista, wadda ake rufewa watanni kafin ranar zaɓe. Wanda ya miƙo maka taliya ko sabulu ko 'yan dubbai a layi, ka sani dokar zaɓe ta haramta sayen ƙuri'a da sayar da ita, kuma hukuncin ya shafi mai bayarwa da mai karɓa.