Kurakuran da ke jefa sababbin masu hawan tsauni cikin zaftarewar dusar ƙanƙara

Duk hunturu a yankin Tirol na ƙasar Austriya, inda nake zaune, sai na ga sababbin shiga wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara sun bar hanyoyin da ake kula da su sun nufi gangaren da ba mai gyarawa, suna maimaita kuskuren da ya ci mini gwiwa. Na gaji da faɗa wa mutane ɗaya bayan ɗaya a gindin tsauni, shi ya sa na rubuta.

Tun 1993 ƙasashen Turai suke amfani da ma'aunin hatsarin zaftarewa mai matakai 5, kuma ana fitar da rahoto kullum a lokacin hunturu. Sabon shiga yakan ga lamba 3 ya ce ai tsaka-tsaki ne, alhali alƙaluman cibiyar binciken dusar ƙanƙara da ke Davos a Switzerland sun nuna cewa kusan rabin waɗanda zaftarewa ke kashewa a wannan matakin suke mutuwa, domin a mataki na 4 da na 5 tsoro yakan zaunar da jama'a a gida. Lambar kaɗai ba ta wadatar ba, sai an karanta wace fuskar tsauni ce ke da matsala, kuma daga wane tsayi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne dogaro da sawun wasu, saboda shi ya kayar da ni. An yi kwana biyu ana iska, rana ta fito tarwai, muka tarar da sawun mutum uku a kan gangare, na ce wa abokin tafiyata tunda sun wuce lafiya mu ma za mu wuce. Kafin nan na ji dusar ta yi wani gurnani a ƙarƙashin ƙafata, na ga tsaga ta gudu gabana, amma na yi kunnen uwar shegu. Iska ce ta kwashe dusa ta jibge ta a bayan tudu, ta dunƙule kamar allo a kan wata tsohuwar shimfiɗa mai warwarewa kamar sukari. Su ukun sun bi ta inda allon ke da kauri, ni kuwa na taka inda ya yi siriri, nauyina ya kai ga shimfiɗar, gangaren gaba ɗaya ya tafi da ni. Allah ya sa kaina bai nutse ba, amma na yi wata shida ina dogara sanda. A cikin kowane haɗari 10, wajen 9 mutumin da abin ya rutsa da shi ne ko abokin tafiyarsa ya tayar da zaftarewar, saboda haka kada wani ya zo yana ce mini tsautsayi ne kawai.

Tun daga ranar, idan rahoto ya ce mataki na 3, ba na hawa gangaren da karkatarsa ta wuce digiri 30, domin mafi yawan irin wannan zaftarewa tsakanin digiri 30 da 45 take tashi. Akwai ƙwararrun da ke yarda da digiri 35. Su suka sani. Ina auna karkatar a taswira tun da daddare, ina kuma duba abin da ke samana, don mai tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri yana iya tayar da gangaren da ke bisa kansa.

Sai kuma masu sayen kaya don ado. Mutum ya rataya na'urar gano wanda dusa ta binne, ya saka shebur da sandar lalube a jaka, amma bai taɓa gwada su ba ko sau ɗaya! Wanda aka tono cikin minti 15 na farko, kusan 9 cikin 10 suna rayuwa, amma bayan minti 35 da ƙyar kashi ɗaya cikin uku ke saura, domin numfashi ke ƙarewa. Jirgi mai saukar ungulu ba kasafai yake isowa cikin wannan lokaci ba, kuma dusar da ta zaftaro takan taurare kamar siminti, sheburin roba ba ya tsinana komai. Ni kowane Disamba nakan sa a binne jaka da na'ura a ciki, na neme ta ana duba agogo, kuma ba na tafiya da wanda ya ƙi yin haka, ko da kuwa aminina ne.

Wayar salula tana rikita na'urar, don haka a raba su da aƙalla santimita 20. A gangare mai shakku mutum ɗaya ke ratsawa, sauran su tsaya a wuri mai aminci suna kallonsa. Daga Maris zuwa Afrilu kuwa rana tana jiƙa dusar ta yi nauyi, saboda haka nakan fita da asuba, kafin azahar na riga na sauko.